Kuturta Da Jijiya: Maganin Da Ke Riƙe Dakarun Jiki

Yau za mu yi magana a kan wani magani wanda aikinsa ya saɓa wa na sauran magunguna. Kun saba jin muna cewa a kai yara rigakafi, a ci abinci mai gina jiki, don garkuwar jiki ta yi ƙarfi. To, shi wannan magani rage wa garkuwar ƙarfi ya ke yi, da gangan, kuma likita ne da kansa ke ba da shi. Wanda ya ji haka sai ya ce ai wannan ɓarna ce. Amma akwai ranar da in ba a ba mutum shi ba hannunsa zai shanye, ko ƙafarsa ta mutu, ko idonsa ya ƙi rufuwa. Ciwon da za mu yi bayani da shi kuwa shi ne kuturta, gama a ƙasarmu a kansa aka fi bukatar wannan sani.

Waɗansu suna tsammani kuturta ta ƙare. Dattawan Kakuri da Maƙera za su tuna da shekarar 1957, sa'ad da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, mutane suka yi ta kwararowa hayin kogi neman aiki. A zamanin nan ne ake bi ɗakunan shan magani na ƙauyukan Arewa mako mako ana raba ƙwayar dafson, wadda wani likita mai suna John Lowe ya gwada a Uzuakoli, can ƙasar Ibo, ya ga ana iya shanta da baki a warke. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa haɗa magunguna biyu ko uku maimakon dafson kaɗai, domin ƙwayar cutar ta fara gagarar dafson. Tun 1995 kyauta ake ba da wannan haɗi a duk duniya. A 1998 masu ciwon a Nijeriya suka ragu har ba su kai mutum 1 cikin 10,000 ba. Amma raguwa daban, ƙarewa daban. Har yanzu ana samun sababbin masu ciwon wajen 200,000 kowace shekara a duniya, a Nijeriya kuwa wajen dubu biyu ko fiye, kuma da yawansu ba su zuwa asibiti sai jijiya ta riga ta taɓu.

Ita kuturta ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ba kuma cin kifi da nono ke kawo ta ba. Wata ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa wadda ba a gani sai da madubin likita. Wani likitan ƙasar Norwe, Armauer Hansen, shi ya fara ganinta a 1873. Tana fita daga hanci da bakin wanda bai fara shan magani ba, kuma sai an daɗe ana zama tare da shi kafin a ɗauka. Cikin mutum ɗari, wajen 95 jikinsu ya kan kashe ta ba su ma sani ba. Raguwa ce ƙwarai wajen haifuwa, sai ta yi kusan mako biyu kafin ɗaya ta zama biyu. Shi ya sa mutum ya kan yi shekara biyar, wani ma har ashirin, kafin tabo ya fito masa.

Abin da ya sa ta zama abin tsoro shi ne wurin da ta ke zaɓa ta zauna. Ba ta son zafi, saboda haka sai ta nemi wuraren jiki masu sanyi-sanyi, watau fata, da cikin hanci, da kunne, da jijiyoyin da ke kusa da fata. A nan sai mu tsaya mu bambanta, gama Bahaushe jijiya ya ke ce wa abubuwa da dama. Akwai jijiyar jini, wadda mai allura ke nema. Akwai jijiyar nama, wadda ke gagarar haƙori in ana cin tsire. Wadda mu ke nufi yau ita ce jijiyar saƙo, fara, siririya, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa da laka ta bi ko'ina cikin jiki. Ita ke kai labari sama cewa ƙafa ta taka ƙaya, ita ke kawo umurni ƙasa cewa a ɗaga ƙafar. Ita ce kuma ke sa fata ta yi gumi ta yi laushi. In kun taɓa buga gwiwar hannu a bakin ƙofa kuka ji wani abu ya tsarga har ƙaramin yatsa, to, kun taɓa ɗaya daga cikinsu, kuma tana cikin waɗanda kuturta ta fi kamawa. Sauran su ne ta wuyan hannu, da ta gefen gwiwar ƙafa ta waje, da ta bayan idon sawu, da ta fuska mai rufe ido.

Jijiyar saƙo kamar wayar lantarki ta ke, da zare a ciki da riga a waje. Amma ta bambanta da waya da abu guda: tana da rai, kuma kome mai rai yana bukatar wuta. Jikin mutum duka an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina soro da tubali. Cikin kusan kowace ƙwaya akwai waɗansu 'yan halittu masu kamar ƙwayar shinkafa, ɗaruruwa ko dubbai, waɗanda masana ke kira mitokondiriya. Mu za mu kira su murhu, domin aikinsu ke nan. Jini ya kawo musu sukarin da aka tace daga tuwon da kuka ci, ya kawo musu iskar da kuka shaƙa, su kuwa su ƙona su a hankali su fid da ƙarfin da jiki ke aiki da shi. Wanda ya yi aiki a masaƙa ya san ko injunan saƙa dubu ne a jere, ran da ɗakin wuta ya tsaya duk sun tsaya.

Ba abin da ya kai ƙwaƙwalwa da jijiya cin wannan wuta. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin mutum ba, amma tana cin wajen kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutawa. Ga kuma wata wahala. Zaren jijiyar da ke motsa yatsan ƙafa tun daga laka ya taso, tsawonsa ya kai yadi guda, alhali kaurinsa bai kai na gashin kai ba. Wutar da aka hura a gindin baya ba za ta kai tafin ƙafa ba. Don haka sai a jera murhu a kan hanya, ana tura sababbi ana komo da tsofaffi, kamar taragon jirgin ƙasa a kan dogo. Duk inda aka tare hanyar, ko aka kashe murhun da ke wurin, abin da ke gaba ya shiga yunwa.

To, yanzu mun zo kan gaɓar maganar. Ita ƙwayar kuturta ba ta da dafi mai ƙarfi. Yawancin ɓarnar da ake gani ba ita ke yi da hannunta ba, dakarun jiki ne ke yi garin nemanta. Dakarun nan su ne fararen ƙwayoyin jini, masu yawo dare da rana suna kama baƙin da suka shigo. Ku ɗauka ɓarawo ya shiga rumfar mai tukwane a Kasuwar Monday ta Kakuri ya ɓuya, jama'a suka bi shi ciki da sanduna. Ko an kama shi ko ba a kama ba, mai tukwane ya yi hasara. Jijiya ita ce rumfar.

A 2017 waɗansu masana na jami'ar Kambirij ta Ingila da abokan aikinsu na Amurka suka ga abin da idonsu. Suka sami 'ya'yan wani ƙaramin kifi wanda jikinsa garau ya ke kamar gilashi, suka sa musu ƙwayar cutar, suka zuba ido ta madubi. Sai suka ga fararen ƙwayoyin jini sun haɗiye cutar, suna bin jikin jijiya da ita a cikinsu, suna fesa wata iska mai guba wadda aka tanada don kashe ƙwayoyin cuta. Gubar nan sai ta faɗa wa murhun da ke cikin zaren jijiya. Murhun suka kumbura, suka lalace, rigar jijiyar kuma ta saki. Ashe tun ciwon yana ƙarami, tun mutum bai ji kome ba, wutar jijiya ake fara kashewa.

Wani lokaci kuma faɗan ya kan tashi gaba ɗaya, farat ɗaya. Wannan shi mu ke kira tashin ciwo. Tabon da ke kwance sai ya yi ja, ya kumbura, ya yi zafi. Hannu ko ƙafa ko fuska su kumbura. Jijiyar gwiwar hannu ta yi kauri kamar igiya, ko riga ta taɓa ta sai mutum ya yi ƙara. Wani irin kuma ƙuraje ne jajaye masu zafi ke fitowa a ƙarƙashin fata, da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Tashin ciwo ya kan zo kafin a fara magani, ya fi zuwa cikin shekarar farko ta shan magani, ya kan zo ma bayan an gama. Mata kuma ya kan same su cikin watannin da ke bayan haifuwa. Jijiyoyin nan da na ambata duk ta cikin matsatsin ƙashi da jijiyar nama su ke ratsawa, ba wurin da za su buɗa in sun kumbura. Sai su matse 'yan hanyoyin jinin da ke ciyad da su. Jini ya ragu, iska ta ragu, murhun da guba ta bari yunwa ta ƙarasa su. Cikin 'yan kwanaki hannun da ke riƙe fartanya sai ya kasa riƙe cokali.

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure mai tsada. Mutum ya fara shan maganin kuturta wata uku, sai ga jikinsa ya rikice, sai 'yan'uwa su ce maganin Bature bai karɓe shi ba, a koma gida a nemi saiwa. Ba haka ba ne. Maganin yana kashe cutar, gawarwakinta ne dakarun jiki suka gani suka harzuƙa. Ba a tsai da maganin kuturta saboda tashin ciwo. Ƙara masa wani ake yi, watau maganin da mu ke magana a kansa.

Sunansa firednisolon. Ɗan'uwan wani ruwa ne da jiki da kansa ke yi a cikin waɗansu 'yan kaluluwa biyu da ke zaune a kan ƙoda. A 1948 wani likitan Amurka, Philip Hench, ya fara ba masu ciwon sanyin gaɓoɓi irin wannan ruwa, waɗanda ba su iya tashi suka miƙe, har aka ba shi kyautar Nobel a 1950. Firednisolon ya fito a 1955. Aikinsa shi ne ya ce wa dakarun jiki su dakata. Ya rage yawan waɗanda ke kwarara cikin jijiya, ya rage gubar da su ke fesawa, ya sa kumburi ya saɓe. In kumburi ya saɓe jini ya sami hanya, murhun da ba su riga sun mutu ba su sāke kamawa. Zaren da ya yanke kuma ya kan tsiro, amma a hankali, misalin inci guda a wata. Wanda ya fara magani yau kada ya sa rai gobe zai ga yatsunsa sun miƙe.

Sai dai abin yana da wa'adi. In rashin ji ko rashin ƙarfi bai kai wata shida ba, cikin mutum uku wajen biyu su kan sami sauƙi da wannan magani. In ya wuce wata shida da wuya ƙwaya ta komo da shi, sai dai a koya wa mutum yadda zai kiyaye gaɓar, ko a yi masa aiki a gyara. Wata shida kuwa ba wani abu ba ne ga manomi. Wanda ya ji ƙaramin yatsansa ya fara mutuwa ran da aka yi shuka, ya ce bari a gama noma, sa'an nan ya ce bari a kai amfani gida, to, ya cinye wa'adinsa a gona.

Ga yadda ake shansa. Ma'aikacin lafiya ya kan fara wa babban mutum da ƙwaya da yawa, sau ɗaya a rana, da safe bayan an karya kumallo. Sa'an nan ya riƙa rage yawan kaɗan kaɗan, har mako 12, sau da yawa ma har mako 20. Ragewar nan ba rowa ba ce. Sa'ad da kaluluwan nan na kan ƙoda suka ga ruwansu yana zuwa daga waje, sai su daina yin nasu, su kwanta. In aka yanke maganin rana ɗaya, na waje babu, na ciki babu, sai jiki ya saki, jini ya faɗi, mutum ya yi ta amai, har ya kan kai ga mutuwa. Kuma tashin ciwon ya komo da ƙarfinsa. Saboda haka in ƙwayarka ta kusa ƙarewa, kada ka jira ranar kasuwa. In tafiya ta kama ka, ka faɗa wa ma'aikaci tun da wuri ya ba ka abin da zai kai ka ya komo da kai.

Kada kuma ku manta dakarun da aka ce su dakata su ne masu tsaron gida duka. Muddin suna zaune, sauran ɓarayi suna da dama. Don haka kafin a fara, ma'aikaci zai tambaye ka ko kana tari, domin tarin fuka da ke kwance ya kan tashi. Zai ba ka maganin tsutsar ciki, domin akwai wata tsutsa wadda in ta ga ba mai tsaro sai ta bazu cikin jiki duka. Zai auna jininka da sukarinka, ya tambaye ka gyambon ciki, ya duba ko akwai miki mai ruwa a ƙafarka. Ka faɗa masa gaskiya, mace kuma in tana da ciki ta faɗa. Kana cikin sha fuskarka ta kan yi faɗi, cin abinci ya ƙaru, barci ya ragu. Waɗannan su kan wuce in an gama. Amma in ka ga bayan gida baƙi kamar kwalta, ko ƙishirwa da yawan fitsari, ko ganinka ya dushe, ko zazzaɓi ya kama ka, koma asibiti a ranar.

Bari in ɗan ratse kaɗan, gama abin yana damunmu. Dangin wannan magani ne waɗansu 'yan mata ke saya a kemis ko a tiren mai talla don su yi ƙiba, wanda ake wa kirari da sha-ka-fashe. Shi ne kuma ke cikin waɗansu mayukan sa fari. Abin da su ke gani a madubi ba ƙiba ba ce, kumburi ne da kitsen da ya taru inda bai kamata ba, kuma a bayansa akwai ciwon sukari, da hawan jini, da yanar ido, da ƙashi mai karyewa ba dalili. Likita da ke ba da shi don ceton hannu ya auna riba da hasara, ya ga hannu ya fi. Mai shansa don kwalliya ba ribar da ta auna.

To, wanda sukari ya riga ya kama fa, ko wanda ya daɗe yana shan firednisolon har ya fara yi masa lahani? Wannan ya sa likitoci suka waiwayi wani magani mai suna saikulosforin, kuma labarinsa ya isa a ji. A 1969 wani ma'aikacin kamfanin magani na Sandoz da ke Suwizalan ya tafi hutu Norwe, ƙasar da aka fara ganin ƙwayar kuturta, ya ɗebo 'yar ƙasa a leda ya kawo ɗakin bincike. Cikin ƙasar nan aka sami wata irin fumfuna, cikin fumfunar aka sami maganin. A 1972 aka gane yana kwantar da dakarun jiki. A 1978 wani likitan fiɗa a Kambirij, Roy Calne, ya ba waɗanda aka dasa wa ƙodar wani, don kada jikinsu ya ƙi baƙuwar ƙodar. Shi ne ya mai da dashen ƙoda aikin da ake sa rai da shi, irin wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara yi a 2002.

Ana nan sai a 1988 wani masani a London, Martin Crompton, da abokan aikinsa suka gano maganin yana da aiki na biyu, kuma a jikin murhun nan ya ke yinsa. Kowane murhu yana da bango biyu, na ciki kuwa a toshe ya ke ƙam, domin ƙarfin da ya ke tarawa kamar ruwan da aka datse ne a madatsa. A jikin bangon akwai wata ƙofa wadda a rufe ta ke muddin lafiya. In iska ta yanke, guba ta yi yawa, gishirin kalshiyam ya cika murhun, sai ƙofar ta buɗe. Abin da aka datse ya zube, ruwa ya shiga, murhun ya kumbura ya fashe, abin da ya fito daga cikinsa kuma ya ba ƙwayar halittar umurni ta mutu. Akwai wani ɗan sinadari mai taimakon ƙofar ta buɗe. Saikulosforin sai ya kama shi ya riƙe, ƙofar ta yi wuyar buɗewa. A 1995 masana a garin Lund na ƙasar Suwidin suka tsai da jinin ƙwaƙwalwar ɓeraye na 'yan mintoci, suka ga waɗanda maganin ya kai ga ƙwaƙwalwarsu ƙwayoyin jijiyarsu da yawa sun tsira, na sauran kuwa sun mutu.

Murna ta yi yawa a lokacin, ana cewa an sami maganin shanyewar ɓarin jiki da na bugun kai a haɗarin mota. Amma ɓera ba mutum ba ne. Ƙwaƙwalwa tana da shinge mai tace abin da ke shiga daga jini, maganin kuwa ba ya ratsa shi sosai. A 2015 likitocin Faransa suka ba da sakamakon babban gwajin da suka yi wa masu bugun zuciya wajen 970, gama zuciya ma cike ta ke da murhun nan, sai aka ga waɗanda aka ba da waɗanda ba a ba ba duk ɗaya. Na faɗi wannan ne don in wani ya zo muku da kwalba ya ce ga maganin da ke raya jijiyar da ta mutu, ku san manyan asibitocin duniya sun nema da kuɗi mai yawa, abin da ke hannunsu bai kai haka ba.

Wajen kuturta kuwa an gwada shi a asibitin ALERT na Addis Ababa, ƙasar Habasha, aka buga sakamakon a 2016. Can an ba da shi ne don aikinsa na fari, watau riƙe dakarun jiki. Aka ga yana iya tsayawa a madadin firednisolon ga wanda firednisolon bai karɓa ba. Amma yana da tsada, yana taɓa ƙoda, yana hau da jini, yana kumbura dasashi, kuma tilas a riƙa auna jinin mai shansa a kai a kai. Ba maganin ɗakin shan magani na ƙauye ba ne. Wanda ciwonsa ya kai nan, tura shi ake yi wurin ƙwararru, kamar cibiyar koyar da aikin tarin fuka da kuturta ta ƙasa da ke Saye, kusa da Zariya. Ga sauran jama'a firednisolon shi ne na fari, kuma ya isa in an zo da wuri.

Zuwa da wurin shi ne aikinku. Duk tabon da ya fi fata haske ko ya yi ja-ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, a sa wani ya shafa shi da auduga mai shi ya rufe ido. In bai ji ba, a tafi. Mutanen Kujama da Kakau da Gonin Gora da Marabar Rido, ku fara da ɗakin shan maganin da ke kusa da ku. Kowace ƙaramar hukuma, har da Chikun da Kaduna ta Kudu, tana da jami'in tarin fuka da kuturta, kuma ma'aikacin ɗakin magani ya san yadda zai sada ku da shi. Na cikin gari, Barnawa da Nasarawa da Television da Sabon Tasha, ga Asibitin Gwamna Awan a Kakuri. Maganin kuturta kyauta ne, wata 6 ga mai tabo kaɗan, wata 12 ga mai yawa. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin ta kan mai da fitsari ja, wata ta kan sa fata ta yi duhu, duk ba abin tsoro ba ne. Da an fara sha mutum ya daina ba wani cutar, saboda haka ba dalilin ware masa kwano ko fid da shi daga ɗaki. A kawo mutanen gidan a duba su. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a ba waɗanda ke zaune da mai ciwon ƙwayar rigakafi sha ɗaya.

Wanda ke cikin shan magani kuwa, akwai wani irin lalacewar jijiya mai zuwa shiru, ba zafi ba kumburi, shi ya sa ma'aikaci ke gwada ku kowane wata ko kun ce lafiya lau. Kai ma kana iya gwada kanka kowace safiya. Rufe idanunka ƙam, wani ya duba ko akwai wanda ya bar kafa. Sa takarda tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, a ja, ka ga ko za ka iya riƙewa. Shimfiɗa hannu tafi sama ka ɗaga babban yatsa. Zauna ka ɗaga kan ƙafarka sama dunduniya tana ƙasa. Sa'an nan a taɓa tafin hannunka da tafin ƙafarka da bakin biro wuri wuri, kana rufe da ido, ka nuna inda aka taɓa. Abin da ka iya jiya ka kasa yau, ko takalmi ya fara zame maka ba ka sani ba, kada ka jira ranar da aka rubuta maka a kati.

Ga waɗanda jin ya riga ya tafi, ku sani kuturta ba ta cin yatsa. Wuta da ƙaya da ƙusa ke ci, domin mai gaɓar ba ya jin zafin da zai sa ya janye. Uwargida ta sauke tukunya da tsumma mai kauri, ta sa wa murfi da ludayi mariƙin itace, kada ta gyara itacen wuta da hannu. Manomi ya naɗa ƙyalle a ƙotar fartanya. Makaniki da mai walda su sa safar hannu. Kowa ya sa takalmi mai taushin ciki da ƙarfin ƙasa, ya zazzage shi kafin ya sa. Da dare a jiƙa hannu da ƙafa cikin ruwan sanyi misalin minti ashirin, a goge kantar da dutsen wanka a hankali, a shafa man kaɗanya ko basilin tun fatar ba ta bushe ba. Sa'an nan a duba tafin ƙafa da madubi ko a sa yaro ya duba. In an ga ƙuna ko tsaga ko wurin da ya yi ja, a wanke, a ɗaure da ƙyalle mai tsabta, a hutar da ƙafar har ta warke, ko da ba ta zafi.

Mako mai zuwa, war haka, za mu yi magana a kan tarin da ya wuce mako biyu.